Injin wanki ya tsaya da ruwa a ciki, ina ake samun kayan gyaransa a Jamus?

Maman Sadik (Hamburg):
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Don Allah taimako nake nema. Injin wankinmu ne ya tsaya tsakiyar wanki, ruwa cike a ciki ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai wani ƙugi yake yi daga ƙasa amma ruwan ba ya fita. Na duba ɗan littafinsa, lambar da ya nuna wai matsalar fitar da ruwa ce. Na hannu muka saye shi lokacin da muka tare a gidan nan don haka babu maganar garanti. Na kira mai gyara ya ce zuwansa da dubawa kaɗai kusan yuro 90 ne ban da kuɗin kaya da na aiki. Baban Sadik aikin dare yake yi, ga yara uku kayan makaranta sun taru wlh har ban san inda zan sa kaina ba. In famfon fitar da ruwa ne ya mutu ina ake samun irinsa a nan? ko in sa ƙanina ya nemo min a Sabon Gari a ba wani mai tahowa?

Baban Yusra (Manchester):
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Sadik, Allah ya kawo sauƙi. Kafin ki sayi komai ki fara buɗe filta, sau da yawa ba famfon ba ne toshewa ce kawai

Injiniya (Dortmund):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar Baban Yusra gaskiya ce, kada ki kashe ko sisi tukuna. Ki fara zare filogi daga soket, wannan dole ne. In wankin zafi kika sa ki bari ruwan ya huce don yana iya ƙona ki. Ki duba ƙasan injin ta gaba, galibi ta hannun dama, akwai wata 'yar ƙofa, ki ɓalle ta da bakin cokali za ki ga murfi mai zagaye, wasu injinan kuma da ɗan siririn tiyo mai toshi a gefensa. Ki kawo faranti mai faɗi wanda zai shiga ƙasa da tsofaffin tawul, ki zare toshin tiyon ruwan ya riƙa zuba kina juyewa a bokiti, zai ɗau lokaci don ruwan da yawa yake. In babu tiyon sai ki riƙa murɗa murfin kaɗan-kaɗan kina rufewa idan farantin ya cika, kada ki buɗe shi lokaci ɗaya kicin ɗinki zai cika da ruwa. Ruwan na ƙarewa galibi ƙofar takan saki da kanta bayan 'yan mintuna, don dama injin ba ya yarda ya buɗe in ya ji akwai ruwa. Sai ki zaro filtar gaba ɗaya ki haska ramin da fitilar waya, can ciki za ki hango wata 'yar farfela, ki sa yatsa ki juya ta ki faɗa min yadda kika ji.

Hajiya Maman Walid (Jidda):
Ki duba da kyau 'yata, fil ɗin hijabi ne ke yi mana wannan ɓarnar. Shi da kwabbai da safar jarirai. Duk gidan da ake da 'yan mata sai kin tarar da fil a wurin nan

Alhaji na Bremen:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Ki shiga Kleinanzeigen, shafin nan na sayar da kayan hannu, ki rubuta injin wanki ki sa Hamburg, za ki ga na yuro 50 na 80, wasu ma kyauta suke bayarwa don za su tashi daga gida suna neman wanda zai ɗauke musu. Injin da dama na hannu ne yau ki gyara famfo gobe wani abu ya lalace. Mu nan lokaci ya fi komai tsada, ba kamar gida ba da za ki kira yaron makwabta ya zo ya kwance miki.

Maman Sadik (Hamburg):
Alhaji hawa na huɗu muke kuma babu lif a gidan. Wannan ɗin ma da aka hau da shi sai da maza uku suka sha wuya

Injiniya (Dortmund):
To Alhaji ka ji. Injin nan yakan kai kilo 60 zuwa 80 saboda akwai dunƙulen siminti da ake ɗaurawa a cikinsa don kada ya riƙa tsalle lokacin matsa. Sai ka nemi mota, ka nemi masu ɗauka, ka sauko da tsohon ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin kayan wuta tunda ba a yarda ka ajiye shi bakin titi ba, kuma wanda za ka ɗauko ɗin ba ka san ciwon da ke jikinsa ba. Yawancin masu bayarwa ma sun jefar da notocin da ake ɗaure gangar da su lokacin ɗauka, a hanya sai gangar ta yi ta bugun jiki. Duk wannan a kan abin da ƙila fil ne ya maƙale.

Maman Sadik (Hamburg):
Alhamdulillah ruwa ya fita ƙofa ta buɗu na kwashe kayan. Hajiya kin yi gaskiya, fil biyu na samu da kwabo ɗaya da wani dunƙulen zare baƙi ƙirin mai wari. Amma Yaya Injiniya farfelar nan da na taɓa ta sai na ji tana lilo sakaka, tana juyawa ba wani ƙarfi, kuma fiffike ɗaya ya gutsire. Na mayar da komai na kunna, ƙugin ne dai ruwan da na zuba bai fita ba

Injiniya (Dortmund):
To famfon ya tafi. Mai lafiya in kika juya shi za ki ji yana tirjewa sannan ya fizge, yana tafiya tsalle-tsalle saboda maganaɗisun da ke ciki, mutane da yawa suna zaton wannan ne lalacewa alhali shi ne lafiyarsa. Wanda ke lilo sakaka ya rabu da sandarsa, motar famfon na juyawa farfela na tsaye, shi ne ƙugin da kike ji. Labari mai daɗi shi ne famfo na cikin kayan da suka fi arha da sauƙin canzawa.

Yanzu abin da nake so kowa a nan ya riƙe, ba a sayen kayan injin wanki da sunan kamfani kawai ko da sunan da aka rubuta a gaban injin da manyan baƙaƙe. Ki buɗe ƙofa ki duba zagayen bakinta ko bayan ƙofar, wani lokaci a cikin 'yar ƙofar filtar nan ko a bayan injin, akwai wata 'yar takarda da aka manna mai lambobi. Ki ɗauke ta a hoto. Misali a Bosch da Siemens da Neff, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su wato BSH, za ki ga E-Nr sannan lamba mai ƙarewa da karan tsaye da lambobi biyu kamar /01 ko /14, to waɗannan biyun na ƙarshe kada a bar su don injin iri ɗaya sak a ido yana iya zuwa da famfo daban. Akwai kuma FD, ita ke faɗin lokacin da aka ƙera shi, in kika ga FD 9603 to watan 3 ne na 2016. Sauran kamfanoni ma kowa da tasa lambar. Da ita za ki shiga shafin kamfanin wajen kayan gyara, da yawansu suna nuna zanen injin a warwatse kowane ƙarfe da lambarsa, ki danna famfon ki kwafi lambarsa. Wannan lambar ita za ki riƙa nema da ita ko'ina.

Ummu Hanan (Kano):
Anti in kin turo hoton zan iya sa maigidana ya duba miki a Sabon Gari, akwai masu kayan injin wanki sosai kuma akwai mai tafiya Jamus ƙarshen wata

Baban Yusra (Manchester):
Allah ya saka da alheri Ummu Hanan amma gsky ba sai an yi haka ba. Injina masu buɗewa ta gaba da ake sayarwa na hannu a Alaba da Sabon Gari ai da yawansu daga nan Turai aka loda su, kayan gyaran ma daga jikin waɗanda suka mutu ake cirowa. Kin ga za a sayo tsohon famfo ne da ya riga ya sha aiki a dawo da shi inda ya fito, in bai shiga ba kuma babu wanda za ta mayar wa. A nan in ta yi oda ta intanet kwana biyu uku ya iso, kuma doka ta ba ta kwana 14 ta mayar in ba shi ba ne. Mu a Ingila eSpares muka fi amfani da shi, lambar injin kawai kake sawa.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Salamu alaikum jama'a ina gaishe ku. Ni ina bayan gyara ɗari bisa ɗari. Nan Faransa gwamnati ma so take a gyara, tun ƙarshen 2022 akwai wani rangwame da ake cire maka daga kuɗin gyara kai tsaye in ka kai wurin mai gyaran da ke da shaidar QualiRépar kuma garantin mashin ɗinka ya ƙare, na mashin ɗin wanki daga 2024 ya koma yuro 50. Kuma a 2021 aka fara manna maki bisa 10 jikin mashin a kanti da ke nuna sauƙin gyaransa, a 2025 aka maye gurbinsa da makin da ke nuna ƙarkon mashin. Mai son yi da hannunsa kuma akwai Spareka suna saida kaya har da bidiyo. Maman Sadik ki tambaya ko jiharku na da irin wannan tallafi don na san wasu jihohin Jamus sun yi, kamar Thüringen. Amma dai ki tabbata kin cire kuran kafin ki sa hannu, ruwa da kuran ba wasa

Alhaji na Bremen:
Duk na ji. Amma ku faɗa mata gaskiya, kamfanonin nan ba sa son ka gyara. Injin ya shekara bakwai takwas sai ka nemi kaya a ce babu

Injiniya (Dortmund):
Alhaji da can akwai wannan amma an ɗan taka musu birki. Daga 1 ga Maris 2021 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera injin wanki su ajiye kayan gyara har shekara 10 bayan sun daina fitar da wannan samfurin, kuma su kawo cikin kwanakin aiki 15. Sai dai akwai inda dokar ta rage, kashi biyu ta yi. Ƙofa da hinjinta da robar bakin ƙofa da makullin ƙofa da aljihun zuba sabulu dole su sayar wa kowa. Mota da famfo da hita da allon ƙwaƙwalwa da boris kuwa masu gyara na sana'a kawai aka tilasta musu su sayar wa. Wannan ni ban ji daɗinsa ba, don famfo ba abin da zai gagari mutum mai hankali ba ne. Amma a aikace manyan kamfanoni da dama suna sayar wa kowa a shafinsu, ga kuma shagunan kayan gyara na intanet birjik. Kuma dokar ta shafi injinan da suka shigo kasuwa bayan wannan ranar ne, nata tunda tsoho ne ƙila bai shiga ba, sai dai famfo abu ne da iri ɗaya yake shiga injina masu yawa shi ya sa da wuya a rasa.

Inda zan ba ka gaskiya Alhaji shi ne boris. In injin ya fara rugugi lokacin matsa kamar babur ɗin da salansa ta fashe, ka kama gangar ka ji tana kaɗawa sama da ƙasa, to boris ne, kuma injina da yawa yanzu an liƙe tukunyar robar da gangar ke ciki ba a kwance ta, sai dai ka canza tukunyar sukutum, kuɗin ya kusa na sabo. Nan kam ni ma zan ce a haƙura. Haka allon ƙwaƙwalwa a tsohon inji. Amma famfo, bel, hita, makullin ƙofa, robar ƙofa, burushin mota a tsofaffin injina, duk waɗannan zubar da inji saboda su asara ce tsagwaronta.

Baban Yusra (Manchester):
Nan ma Ingila an yi irin dokar a Yulin 2021 duk da mun fita daga Tarayyar

Maman Sadik (Hamburg):
Na samu takardar a bakin ƙofa, ta ɗan goge amma da na haska ta fito. Na sa lambar na ga famfon. Yanzu ruɗanin shi ne na kamfanin kusan yuro 60, wani shagon kuma ya sa yuro 20 da 'yan kai ya rubuta wai yana dacewa da injin amma ba na asali ba ne, sai wani can na yuro 9 daga China sai bayan sati uku. Wanne zan ɗauka?

Hajiya Maman Walid (Jidda):
Orijina 'yata. Araha ba ta ado. Ki daure ki sayi na kamfani hankalinki kwance

Injiniya (Dortmund):
Hajiya a yi min afuwa a nan zan ɗan saɓa miki. Masu injin wanki yawanci ba su ke ƙera famfon da kansu ba, saye suke daga wasu kamfanoni irin su Askoll na Italiya su sa a kwalinsu. In Maman Sadik ta ciro tsohon za ta ga sunan wanda ya ƙera shi da lambarsa a jiki, da ƙarfinsa, galibi wajen wat 30, da 220-240V 50Hz. In na yuro 20 ɗin ya yi daidai da wannan rubutun, kuma bakin da wayoyi ke shiga iri ɗaya ne, kuma yadda yake kamawa iri ɗaya ne, don wani murɗawa ake yi ya kulle wani kuma sukurori uku ne, to sau da yawa abu ɗaya ne kwali ne ya bambanta. Na yuro 9 ɗin nan ne ban yarda da shi ba, ba ki san wanda ya yi shi ba, mayarwa wahala, kuma sati uku kina kai wanki gidan wanki kin riga kin kashe abin da kike son ragewa. A kula kuma wasu sabbin injina famfonsu ba na wutar gida kai tsaye ba ne, ƙaramar wuta ce allon ke ba shi, in ka haɗa wanda ba nasa ba sai ka ƙona allon. Shi ya sa na nace a kan lamba.

Hita da makullin ƙofa kuwa ina tare da Hajiya, abin da ke ɗaukar wuta mai yawa ko yake tsare yaro daga buɗe ƙofa ba na neman arharsa.

Hajiya Maman Walid (Jidda):
To Injiniya kai ka san aikinka. Amma bari in ƙara wa na ƙasashen Larabawa wani abu tunda ka ambaci 50 ɗin nan. Mu nan Saudiyya wutarmu 60 ce ba 50 ba irin ta Najeriya da Turai, masu gyara a nan kullum suna jan kunnen mutane a kan haka. Duk wanda zai yi odar famfo daga waje ya duba an rubuta 60Hz ko 50/60. Na hannu kuma akwai Harajin Sawarikh a kudancin Jidda, ka je da tsohon a hannunka a gwada maka ido da ido kada ka je da baki kawai

Abu Fatima (Houston):
Haka mu ma a Amurka, 120 ce wutarmu kuma 60Hz, kayan Turai ba sa yi mana sam. Na ga mutane suna sa 'yan uwa su aiko musu daga wata ƙasa don arha, kada a yi

Ɗan Damagaram (Lyon):
In kina jin tsoron kwancewa ki nemi Repair Café kusa da ke, a Amsterdam aka fara shi 2009 yanzu ya bazu har Jamus, 'yan sa kai ne ke taya mutane gyara sai abin da ka ga dama ka saka a asusu. Mashin ɗin wanki dai ba ya ɗaukuwa zuwa can amma kina iya kai famfon su auna miki da mita

Alhaji na Bremen:
Ni abin da ke damuna ruwa ne. Tana hawa na huɗu, in ta ɗaura bai zauna ba ruwa ya zubo wa na ƙasa da ita wa zai biya? Ku da kuke zuga ta kun san kuɗin gyaran silin a ƙasar nan? Maman Sadik ki tabbata kuna da inshorar nan ta ɓarnar da mutum ya yi wa wani, Haftpflicht, in babu ki gaya wa maigidan ku yi ko ba don injin ba. Kuma duk wanda injin na mai gidan haya ne ya tarar a kicin kada ya taɓa, ya kira mai gida

Injiniya (Dortmund):
Wannan magana ta Alhaji babu abin cirewa a ciki. Ƙanwata in kaya sun iso ku yi shi ku biyu da Baban Sadik da rana ba a gaggauce ba. A zare filogi, a rufe famfon ruwan bango, a zubar da ruwan ciki ta filta kamar ɗazu. A wasu injinan ana kaiwa ga famfon ta ƙasa in an jingina injin baya wani ya riƙe, wasu sai an cire murfin gaba ko na baya, ki nemi bidiyon irin naku da lambar nan. Kafin ki zare waya ko ɗaya ki ɗauki hoto. Maƙalan da ke riƙe tiyo da filaya ake matse su a ja baya, kuma in an mayar a tabbata sun koma daidai kan shaidar da suka bari a jikin robar don nan ne yoyo ke fitowa. Robar zagayen da ke tsakanin famfo da gidansa a shafa mata ɗan ruwan sabulu ta zauna ba ta naɗe ba. Gefen ƙarfen ciki yana da kaifi ku sa safar hannu. Tunda an buɗe ki leƙa baƙin tiyon da ya taho daga tukunya zuwa famfo, can safa ke ɓuya, ki kuma duba inda tiyon fitar ruwa ya haɗu da bututun ƙarƙashin sinki.

Maman Sadik (Hamburg):
Salam 'yan uwa. Mun ciro tsohon mun gwada rubutun jikinsa da na yuro 20 ɗin komai ya yi daidai sai muka yi oda, jiya ya iso yau da Baban Sadik ya tashi barci muka ɗaura. Maƙalin tiyo ɗaya ne ya ba mu wuya sai da muka aro babbar filaya wurin makwabcinmu. Mun kunna ɗauraya ba kaya na shimfiɗa jarida a ƙasa na zauna ina kallo har ya gama, ruwa ya fita fes jarida a bushe. Yanzu wanki na biyu ke ciki. Allah ya saka wa kowa da alheri ya raya muku zuri'a, Yaya Injiniya Allah ya ƙara basira, Alhaji mun duba muna da inshorar, Ummu Hanan na gode da niyya ki gaida maigidan

Alhaji na Bremen:
Madalla, Allah ya sa ya daɗe. Amma ki riƙa tsayawa a gida in yana aiki na ɗan kwana biyu

Hajiya Maman Walid (Jidda):
Barka 'yata. Ki sayi 'yar jakar raga mai zif ki riƙa zuba safar yara da hijabai a ciki, kuma a cire fil tun wajen tuɓewa

Ummu Hanan (Kano):
Yaya Injiniya tunda ana maganar, namu robar bakin ƙofa ce ta tsage ta ƙasa ruwa na ɗiga ta gaba, ita ma da lambar ake nema ko kowace za ta shiga?

Injiniya (Dortmund):
Da lambar Ummu Hanan, ita ma kala-kala ce, wata tana da bakin tiyo a sama wata babu. Ki turo hoton takardar in duba miki, in za a je kasuwa kuma a tafi da tsohuwar. Maman Sadik kafin ki kai tsohon famfon wurin karɓar kayan wuta, in sabon ya zo da gidansa ne ki cire murfin filtar tsohon da robarsa ki ajiye, suna iya yi miki amfani in na yanzu ya fara ɗiga.